Ƙwai Tara, Macizai Takwas

"...ajiye shebur ɗin nan, Cipri! Ajiye na ce! Kada wanda ya taɓa shi, ku bari in ga kansa tukuna!"

Mecho ne yake wannan ihun tun daga can ƙarshen tsakar gida, yana tsallake kujeru da akwatunan ƙanƙara, farantin nama a hannunsa ya manta bai ajiye ba. Ranar Ista ce, an dawo daga coci, dangi sun fi arba'in a gidan mahaifiyarmu a Crystal City. Hayaƙin gashi ya cika gida, rediyo na ta kiɗa, yara na jira a ce su shiga neman ƙwai masu launi da ake ɓoye musu a cikin ciyawa. Ama, haka muke kiran mahaifiyarmu, ita ce mai ɓoye ƙwan duk shekara, ba ta yarda wani ya karɓe ta. Ta sa hannu bayan wata tukunyar fure za ta ajiye ƙwai, sai wani abu ya kama mata ɗan yatsa. Ya kama ya ƙi saki, sai da ta yarfe shi.

Kafin Mecho ya iso, abin ya sulale ya shige ƙarƙashin gida. Gidan Ama na katako ne a kan ginshiƙai, tsakaninsa da ƙasa bai fi kamu biyu ba, can ciki kuwa duhu ne da tarkacen shekara hamsin.

"Wa ya gan shi da kyau?" in ji Mecho yana haki.

"Ni," in ji Cipriano, mijina, shebur har yanzu a hannunsa. "Tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ja, rawaya, baƙi, zobe-zobe."

"Jan da me yake manne?"

Cipri ya ɗaga hannu sama. "Da rawayan, suruki. Na rantse da kabarin ubana."

Wani ya kashe rediyo. A ƙasarmu ko yaron da bai iya ɗaure takalmi ba ya san maganar: ja ya taɓa baƙi, wannan na gida ne, ja ya taɓa rawaya, a nemo masu haƙa kabari. Macijin murjani ke nan.

Ni Herminia ce, yayar Mecho, shekara tara na ba shi. Tun ranar nan bakina ya ƙi rufuwa, duk wanda na tare sai ya ji labarin ƙanena, amma bari in bi da ku yadda abin ya bi da mu.

Ama ta duba yatsan, ɗan jini ne ɗis-ɗis kamar an soka allura. Ta ce, "Haba, ƙayar fure ma ta fi wannan zafi. Ku ba ni wuri, wake na kan wuta."

Wannan rashin zafin ne ya sa fuskar Mecho ta koma kamar toka. Ya san saran murjani ba ya kumbura, ba ya wani ciwo. Mutum zai yi ta hira yana dariya, awa shida, awa goma, sannan fatar ido ta fara nauyi, harshe ya yi kauri, numfashi ya tsaya. Ama kuwa shekararta saba'in da takwas, ga zuciya da ake lallaɓawa da ƙwayoyi.

Ofelia, matar Mecho, a gidan kula da tsofaffi take aiki, ita ba ta ruɗewa. Ta zare wa Ama zobe, ta ɗaure mata hannun a ƙirji da gyale, ta sa maza biyu suka ɗauke ta cak zuwa mota tana zaginsu. Mecho ya buɗe ƙofa zai shiga, Ofelia ta dafe masa ƙirji.

"Kai ba inda za ka. Abu na farko da likita zai tambaye ni, wane maciji ne. Me zan ce masa, Cipri ya rantse da kabarin ubansa? Nemo min shi."

Mota ta tashi. Mecho ya tsaya a tsakiyar gida da rigar cocinsa, ido arba'in a kansa. Kowa ya waiwaya ya dubi ɗan ɗakin kwano da ke bayan gidan, inda macizai sittin da wani abu suke kwance a cikin aljihunan roba irin na tebur.

Sunansa na gaskiya Nemesio Zamarripa. A lokacin cirar albasa aka haife shi, ni na goya shi a bakin gona. Muna bin girbi ne a zamanin, albasa a nan, gwoza a can arewa, shi ya sa ni daga firamare na tsaya, shi kuwa muka taru muka tura shi har ya gama sakandare. Yana ɗan shekara takwas, wata rana a gonar albasa, Ama ta ɗaga buhu sai ga macizai biyu a nannaɗe. Ɗaya mai ƙararrawa a wutsiya ne, irin wanda ya kashe kawunmu. Ɗayan baƙi mai ɗigo-ɗigo ya shaƙe shi, ya riga ya haɗiye kansa. Mahaifinmu ya tare masu fartanya ya ce, "Wannan ba a kashe shi. Sarkin macizai ne, ba shi da dafi, 'yan'uwansa yake ci." Kowa ya koma aiki, Mecho ya tsuguna a rana har aka gama haɗiyar. Daga ranar muka rasa shi.

Ya girma ya zama mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, duk garin ba gidan da bai shiga ba. Mutum ne mara hayaniya, in ka ce masa sannu sai ya yi tunani kafin ya amsa. Amma ka taɓo maganar sarakunan nan nasa, sai ka nemi kujera. Akwai na Kalifoniya masu zoben baƙi da rawaya, akwai baƙi wuluk na Meziko, akwai na duwatsu masu launi uku. Abin da ya fi so shi ne haɗa iri: ya ɗauko namijin wannan ƙasa ya kai wa macen waccan, ya zauna ya jira ya ga rigar da 'ya'yan za su fito da ita. In hunturu ya shigo sai ya daina ba su abinci, ya sanyaya ɗakin wata uku su yi barci. In bazara ta zo sai ya ƙosar da macen da ɓeraye kafin ya kai mata namiji, don in tana jin yunwa angon za ta haɗiye.

"Irin wannan auren ai na san shi," in ji Cipri ranar da ya fara ji, yana satar kallona.

Kowane maciji da katinsa manne a aljihunsa: uwarsa wance, ubansa wane, kakanni in an san su. Ya taɓa ce min, "Yaya, launi ba ya mutuwa, ɓuya yake. Uwa baƙa, uba baƙi, sai ka ga ɗa fari fat da jan ido, don wani kaka ya bar abin a jini. Ke ina kika samo koren idon nan? Ba na Ama ba ne, ba na Baba ba ne." Na ce ya kiyaye ni, ni ba macijiya ba ce.

Da zai gina ɗakin a bayan gidan Ama, sharaɗi ɗaya ta kafa masa. Ta ce, "Ɗana, ranar da na ga ko wutsiyar ɗaya a waje, kai da su duk ku bar min gida." Ya ɗora hannu a kan hoton mahaifinmu ya yi alkawari. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa ganin ko saɓar ɗaya a waje ba.

To a ranar Istan nan, yana tsaye a tsakar gida, wani abu da ya binne tun watan Agusta ya taso masa.

Bara ya haɗa wata mace 'yar Kalifoniya, mai baƙi da rawaya, wadda ya sa wa suna Chona saboda wata gwaggonmu mafaɗaciya, da wani namiji ɗan duwatsun Meziko mai ja da baƙi da ruwan madara, wanda yake kira Ango. Angon ya saya ne a wurin Mista Pruitt, wani tsoho a Del Rio da ya yi shekara arba'in yana kula da macizai a gidan namun daji kafin ya yi ritaya. Tsohon ya ce zai aiko masa da katin asalin Ango, ya manta, Mecho kuma kunya ta hana shi tunawa masa. Saboda haka a katin Ango, wurin uwa da kaka, babu komai.

Chona ta yi ƙwai tara. Ƙa'idar sana'ar ita ce, da ɗa ya fasa ƙwai ya fito, ka ɗauke shi ka ba shi robarsa shi kaɗai, don waɗannan ko a cikin gida ɗaya aka haife su ba su san ɗan'uwa ba. Amma makon ƙyanƙyasar ya faɗo a tsakiyar wani zafi da ya kashe na'urorin rabin gari. Kwana uku Mecho yana kan rufin mutane. Da ya buɗe robar ƙwan, ɓawo tara ya gani a fashe, 'ya'ya takwas. Ɗaya daga cikinsu cikinsa a kumbure.

Ya ce, shi ke nan, wannan ya cinye ɗan'uwansa. Ya ga kusurwar murfin ta ɗan ɗaga, ya danna ta da babban yatsa ta koma. Ya san sarai jinjirin maciji kan fito da ciki a kumbure saboda sauran kwaiduwa. Ya sani. Amma ya gaji, kuma neman na tara yana nufin ya je ya gaya wa Ama. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a kati: na tara, an cinye. Bai gaya wa kowa ba, har Ofelia.

Yanzu a gaban dangi ya buɗe baki ya faɗi duka, kansa a ƙasa. Wata 'yar gwaggonmu ta ce, "Ka ji, dama na faɗa." Cipri ya dube shi ya ce, "Tsaya in gane. Wato yanzu addu'a kake ya zama naka ne ya ciji surukata?"

"Eh."

"In naka ne, ta kore ka."

"Ta kore ni tana numfashi," in ji Mecho.

Ya shiga ɗakin macizan, na bi shi, ni da rabona da ɗakin tun da aka gina shi. Ya jawo aljihunan 'ya'yan Chona takwas ɗaya bayan ɗaya. Uku sun biyo uwa, baƙi da rawaya, sai ɗan ja-ja kamar tsatsa a gefe. Biyar sun biyo uba, launi uku. Ya bi kowanne da yatsa daga wuya har wutsiya, yana neman wuri guda, ko ɗaya tak, inda ja ya taɓa rawaya. Babu. A jikin kowanne baƙi ya tsaya tsakani kamar katanga. Ya jawo na Ango, shi ma haka. Ya ɗauki katin Ango ya daɗe yana kallon wurin da ba a rubuta komai ba.

"Yaya," ya ce, "in takwas duk haka suke, ina na tara zai samo wata riga daban?"

"Ba kai ka ce launi ɓuya yake ba?"

"Yana ɓuya in akwai shi. Ban san ko akwai shi ba. Ban tambaya ba."

Ya kira Mista Pruitt sau huɗu, wayar ba ta shiga. Tsohon duk ranar hutu yana cikin kwalekwale a tsakiyar tafki yana kamun kifi, inda waya ba ta kamawa. Mecho ya bar masa saƙo, kalmomin suna karo da juna.

Da ya fito, sai ya tarar da Cipri da wasu maza sun kawo jarkar fetur, wai za a zuba a ƙarƙashin gida wari ya koro shi, yadda masu farautar maciji mai ƙararrawa suke yi a ramuka.

"Gidan katako, ga wutar gashi can, ku zuba fetur?" in ji Mecho. "Ku ƙone gidan, shi kuma ya fita ta baya ya shiga daji, mu zauna ba gida ba amsa. Ku kwashe kowa ku tafi filin coci. Kada in ji ko takun kaza."

Ban taɓa jin ya ba da umarni ba sai ranar. Aka kwashe yara da farantai, gida ya zama kamar an yi shara. Ni da Cipri muka ƙi tafiya. Mecho ya karɓi buhun garin da Ama take yin gurasa da shi, ya zagaye gidan kaf da farin layi, don in abin ya fita ya bar sawu. Sannan ya ɗauko babbar gorar lemo ta roba mai haske, ya huda mata ƙananan ramuka, ya ciro jinjirin ɓera daga firiza ya narkar a ruwan ɗumi, ya fasa masa kai da tsinke don wari ya fita, ya jefa a gorar. Ya ɗaura igiya a wuyanta ya tura ta can ƙarƙashin gida da sanda.

"Ka shafa masa ƙadangare mana," in ji Cipri. "Ba haka kake wa masu ƙin cin abinci ba?"

"In na shafa ƙadangare kowa zai zo. Murjani ƙadangaru da ƙananan macizai yake ci, ba ruwansa da ɓera. Ɗan Chona kuwa, uwarsa ko yatsanka ka miƙa mata sai ta gwada. In ya zo wa ɓera, mun fara samun magana."

"In bai zo ba fa?"

Mecho ya durƙusa a gefen gidan. Ya kwanta rub da ciki a ƙasa da rigar cocin, igiya a naɗe a yatsa, ido a cikin duhun.

Ƙarfe biyu Ofelia ta kira. An wuce da Ama babban asibiti a San Antonio. Likitoci sun ce wannan dafin ba ya nunawa a gwajin jini, sai dai a zuba ido. Akwai maganin dafin, amma daga jinin doki ake yin sa, kuma Ama ta taɓa kumbura kamar za ta fashe saboda wata allura, ga zuciyarta. In murjani ne aka yi jinkiri, hatsari. In ba shi ba ne aka ɗura mata, shi ma hatsari. Suna son su san macijin.

"Tana magana?" in ji Mecho.

"Tana yi. Ta ce abincinsu ba gishiri."

Rana ta juyo ta faɗo a bayansa, rigar ta manne da gumi. Tururuwa suka bi ta kan hannunsa bai motsa ba. Na kawo masa ruwa ya ƙi. Leɓensa na ta motsi, na matsa kusa, sai na ji yana cewa, "Ubangiji ka sa laifina ne. Ka sa nawa ne." Tun da nake ban taɓa jin mai roƙon Allah ya ɗora masa laifi ba.

Uku da rabi saƙo ya shigo. Mecho ya karanta, ya kifa wayar a ƙasa. Na ɗauka na ba Cipri ya karanta min, don idona ya cika da ruwa. Ofelia ce: fatar idon Ama ta fara nauyi, tana lumshewa tana buɗewa, an kawo na'urar numfashi an ajiye kusa da gado.

Na ce, "Ai tun kafin zakara ya yi cara take tsaye a kan tukunya. Barci ne." Ba wanda ya yarda da ni, har ni kaina.

Cipri, wanda shekara talatin ba ya barin Mecho ya sha ruwa da tsokana, ya ajiye shebur, ya kwanta kusa da shi a cikin ƙura da tumbinsa, ya karɓi tocila ya riƙe masa. Can ya ce a hankali, "Suruki, in muka fita daga wannan, na daina kiran ka mijin Chona."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," in ji Cipri.

Huɗu ta wuce da 'yan mintuna, igiyar ta motsa a yatsan Mecho. Kaɗan, kamar kifi ya taɓa ƙugiya. Ya ɗaga mana hannu kada mu yi numfashi. Ya jira. Ya ƙara jira, har na ji kamar in yi ihu. Yana so abin ya gama haɗiya, don in cikinsa ya yi tudu ba zai iya fitowa ta wuyan gorar da sauri ba. Sannan ya fara jan igiyar kaɗan-kaɗan, gorar na ƙara a kan tsakuwa, har ta fito haske. Ya cafke bakinta da murfi ya murɗa.

Yana ciki a nannaɗe. Ja mai sheƙi kamar sabon fenti, rawaya manne da jan, sannan baƙi. Hancinsa baƙi ƙirin.

Na zauna a ƙasa. Cipri ya yi alamar gicciye ya ce, "Murjani ne."

"Ya ci ɓeran," in ji Mecho. Ga tudun a tsakiyar cikinsa. "Murjani ba ya cin ɓera."

"Ka taɓa tambayar wanda ya kwana wata takwas da yunwa?"

Mecho ya ɗaga gorar sama ya sa ta tsakaninsa da rana. Ya fara da wutsiya. Ta murjani baƙi da rawaya ce kawai, ba ja. Wannan jan ya bi shi har ƙarshen tsini. Ya leƙa ciki ta ƙasan gorar. Zoben murjani yana zagaye jiki duka kamar an saka masa awarwaro, na wannan kuwa ya kakkarye a ciki, ya zama dabbare-dabbare irin na Chona sak. Ya juya gorar a hankali har abin ya miƙe, ya nemi ɓawon da ke rufe mafitar kashi. Na murjani a tsage yake biyu. Wannan guda ɗaya ne, lafiyayye. Da ya matso da ido sosai, sai ya ga can ƙasa a gefen jiki, tsakanin jan da rawayan, akwai wani baƙin layi siriri kamar gashin kai, wanda in ya hau gadon baya sai ya ɓace.

"Nawa ne," ya ce. "Na tara ne."

Na fara ihu, ya daka min tsawa. "Yaya, yi shiru! Kada ki gaya wa kowa tukuna."

"Ba ka ce naka ne ba?"

"Idona ne ya ce. Wannan idon ne ya ga ciki a kumbure ya ce an cinye, don haka yake so ya gani. Yau ma akwai abin da yake so ya gani. Ba zan ɗora ran Ama a kansa ba."

Ya ɗauki hotuna, kai, ciki, wutsiya, ɓawon nan, Cipri na riƙe da gorar da hannu biyu yana kau da fuska. Ya tura wa Ofelia. Ta amsa cewa likitan ya duba ya ce shi likitan mutane ne, kuma ja yana taɓa rawaya, ba zai yi caca ba. Akwai wanda suke tura wa irin waɗannan hotuna su ji ta bakinsa, wani tsoho a Del Rio, wato dai Mista Pruitt. Sun tura, bai amsa ba. In ƙarfe shida ta yi ba labari, za su sa mata maganin su yi fatan zuciyarta ta ɗauka.

Muka zauna a matakalar gida mu uku, gorar a tsakaninmu, wayar a kan gwiwar Mecho. Waken Ama ya daɗe da ƙonewa, warinsa ya cika gida, ba wanda ya tashi. Ƙwan da ta yar yana nan gindin tukunyar fure, shuɗi, ya tsage. Biyar ta yi. Biyar da kwata. Mecho yana ta kallon abin da ke cikin gorar, shi kuma yana fito da harshe yana lasar iska, hankalinsa kwance, ya ƙoshi. Biyar da rabi.

Saura minti ashirin shida ta cika, wayar ta yi ƙara. Ta zame daga gwiwarsa, Cipri ya cafe ta a iska, ya danna yadda kowa zai ji.

"Zamarripa?" Muryar tsoho ce, ana jin ƙarar injin mota a bayanta. "Pruitt ne. Yanzu na fito daga ruwa, na tarar wayata kamar za ta fashe. Kafin ka ce komai, na riga na kira likitan. Na ce kada su sa mata ko ɗigo."

Mecho ya karɓi wayar daga hannun Cipri.

"Kana ji na? To gaya min, a ina ka samo jikan Duchess?"

"Wa... wace ce Duchess, Mista Pruitt?"

"Uwar namijin da na sayar maka. Au, ban aiko maka da katin ba ko? Tsufa. Ita ce macijiya ɗaya da na taɓa gani baƙinta ya sirance har ya ɓace a gadon baya. Sau biyu ana kiran 'yan sanda a kanta a wurin baje koli. 'Ya'yanta kaf suka fito da baƙi cikakke, shekara ashirin ina haɗa su ina jiran rigar nan ta dawo, ba ta dawo ba. Ashe tana ƙarƙashin gidan mahaifiyarka tana cin ƙadangaru."

"Amma idon Ama, sun ce fatar idonta..."

"Likitan ya ce minshari take har ana ji a waje. Kafin ta yi barci wai ta ce a gaya wa wani ya sauke wake. Za su riƙe ta zuwa gobe don hankalinsu ya kwanta, shi ke nan."

Cipri ya fashe da kuka kamar jariri. Ni kuwa ban san lokacin da na tashi na fara tsalle a cikin garin gurasar nan ba. Mecho ya riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na bin ƙurar fuskarsa.

"Ka tabbata, Mista Pruitt? Ka duba ɓawon? Ka duba wutsiyar?"

"Yaro, tun kafin a haife ka nake duba wutsiyar macizai. Sarki ne, ba shi da dafin da zai kashe ƙuda. Naka ne, ɗan gidanka. Ka je ka sayi murfi mai kyau."